Sunan da Aka Goge da Magagari

Logansport, Indiana
6 ga Maris, 1989

Zuwa ga Loretta Haskett, 'yar marigayi Wendell Oberholt,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne Orval Stutzman, mai baƙaƙen hannuwan nan da yake ɗora ki a kan tulin tayoyi a garejinsa in babanki ya zo da ke, kina cin masara. A lokacin Kawu Orval kike ce mini. Kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bari in tuna miki ko ni wane ne, don na lura a gidanku an manta.

Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, shekarar da babana ya faɗi a gona bai tashi ba. Ina ɗan shekara goma sha shida na haɗa tarakta guda daga gawar taraktoci uku, ta yi noma shekara tara. Walda ba wanda ya koya mini, ƙuna ce ta koya mini, tabon yana nan. Na yi shekara uku a soja ina gyaran injinan jirage a tsibirai, ba jirgin da ya faɗo saboda aikina. Garejina ni na aza kowane bulo nasa. Motocin tseren turɓaya goma sha ɗaya na ƙera, bakwai sun ci kofi. Lissafin da yaran jami'a suke shekara huɗu suna koya, ni a kan teburin kicin na koye shi daga littattafai biyu na laburaren gari, matata marigayiya Wilma tana ture mini su gefe don ta ajiye faranti. A hunturun 1967 kuma na ɗauki injin jirgi mai saukar ungulu, injin turbin, wanda ba fistin a cikinsa sai fanka da wuta, na gina masa mota tun daga zanen alli a daɓen gareji har zuwa fenti. Lamba 58. Ba injiniya ko ɗaya da ya taka ƙofar nan.

To jiya bayan coci na buɗe jarida, sai ga hoton motar. An ce kin ba gidan tarihin garinku ita, za a buɗe a watan Mayu, har da allon tagulla: "Wendell Oberholt ne ya zana ta, ya ƙera ta."

Loretta, Allah ya ji ƙan babanki, amma kujeru yake sayarwa. Mutum ne mai kyauta, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai da farin takalmi yake shigowa gareji, yana tsallake mai kamar kaza a damina. Ranar da na fara tayar da injin, da gudu ya fita ya ɓuya a bayan motarsa, yana ihu, "Orval, kashe ta, za ta tashi da rufin!" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko dumama ba ta yi ba." Wannan ne ya zana ta? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Ba na neman ko sisi. Shekarata sittin da takwas, ba ɗa, ba jika, hannuwana sun fara rawa. Abu ɗaya na yi a duniya da ba kowane makanike zai iya ba, shi ne kuma za a kafa wa sunan wani. A gyara allon nan kafin Mayu.

Ki gaida gida.
Orval Stutzman

*

Wabash, Indiana
14 ga Maris, 1989

Kawu Orval,

Gaisuwa da girmamawa. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake da na so a ce wani dalili ne ya kawo shi. Ban manta da kai ba. Na ji rasuwar Inna Wilma a makare, Allah ya ba ka haƙuri. Mun kuma duba ka a jana'izar Baba bara, ba mu gan ka ba.

Ba ni na tsara kalmomin allon ba. Masu gidan tarihi sun ce ba sa rubuta komai sai da takarda, ni kuwa na ba su abin da na samu a akwatin Baba. Abu biyu zan faɗa maka, ka taimaka mini in gane su.

Na farko, ka san kowane maƙerin motar tsere yana manna ɗan faranti a gaban direba, mai ɗauke da sunansa. Farantin yana nan a Lamba 58, ƙusoshinsa huɗu ba a taɓa su ba. Amma fuskarsa sumul take. Wani ya sa magagari ya goge rubutun, har ya ci ƙarfen ya yi kwari.

Na biyu, akwai takardar binciken da aka yi bayan haɗarin Lyle Purdy, ranar 11 ga Afrilun 1968, lokacin da yake gwada motar ya daki katanga ya rasa ƙafarsa ta dama. An tambaye ka matsayinka. Ga amsarka kamar yadda aka buga ta: "Ni ɗan ɗaure noti ne. Mista Oberholt ne mai mota, shi ya tsara ta, abin da ya ce shi nake yi." Ka sa hannu a ƙasa.

Shekarata goma sha biyu a lokacin. Abin da na sani shi ne daga ranar aka daina gayyatar Baba ko'ina. A jarida an kira shi mai kujerun da ya yi wasa da ran mutum. In shi ya ɗauki sunan motar ranar da sunan yake wari, me zai sa in cire shi yanzu da aka wanke ta aka goge?

Ba rashin kunya nake maka ba, Kawu. Tambaya nake.

Taka,
Loretta

*

Logansport
19 ga Maris, 1989

Loretta,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, sanyi yana dukana ban ji ba.

Kin yi karatu, kin iya jera magana. Amma ba ki san duniyar da kike magana a kanta ba, don haka saurara.

A Mayun 1967 ni da babanki muna kan benci a Babban Filin tseren motoci na Indianapolis, muka ga abin da ya hana kowa barci a shekarar. Motar turbin a tsakiyar motoci talatin da biyu masu ruri. Su suna tsaga kunne, ita sai dai fuuu, kamar iska ta bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ja gaba kusan duk tseren, saura 'yan zagaye wani ɗan boris na dala shida ya fashe, ta tsaya. Babanki ya kama hannuna ya ce, "Orval, za ka iya irin wannan?" Na ce, "Zan yi wadda ba ta tsayawa." Iyakar zanen da babanki ya yi ke nan, tambaya ɗaya da bakinsa cike da gyaɗa.

Kafin in gama, masu doka suka taru suka rage girman bakin da injin yake shaƙar iska da shi, wajen kashi ɗaya cikin uku. Suka shaƙe mana wuya, suka ce mu yi gudu. Dalilinsu a bayyane yake: kowa ya zuba dukiyarsa a injin fistin, 'yan kallo kuma sun biya kuɗi ne a kurmantar da su. A 1968 wata turbin ta sake jan gaba har kusa da ƙarshe, ta mutu. Suka ƙara matse bakin, shi ke nan aka binne mu gaba ɗaya. Ba tsere aka ci mu ba, da ma'auni aka kashe mu.

Ko a gareji ba mu huta ba. Buta suke kiran motar. In na shigo wurin cin abinci sai wani ya ɗaga kofi, "Stutzman, butarka ta tafasa? Zuba mana!" Wani ya ce, "Matata tana son aronta ta busar da gashi." Na ce, "Turo ta, ko banza ta ga abin da yake aiki ba tare da ya yi tari ba." Ni aka yi wa wannan dariyar, ba babanki ba. Wa ya taɓa yi wa mai kuɗi dariya a gabansa?

Maganar takardar bincike kuwa, lauyan babanki ne ya zaunar da ni ya ce in taƙaita. Na taƙaita. Mai masana'anta in suna ya ɓaci, ya koma ya sayar da kujerunsa. Makanike in suna ya ɓaci, ko keken yaro ba mai kawo masa. Farantin, ni na goge, ban ɓoye ba. Raina ne ya ɓaci. Mutum yana iya fasa kwanonsa in ya ga dama.

Ki kuma tuna abin da binciken ya gano: birki ne ya ƙone. Na nemi manyan birki, babanki ya sayo ƙanana a wurin wani abokinsa na coci. Wannan ma yana cikin takardar, ko ba ki kai shafin ba?

Ki tambayi Lyle Purdy wanda ya gina motar. Yana Terre Haute, lambarsa tana cikin littafin waya. Shi ya zauna a cikinta, shi ya bar ƙafa a cikinta. In ya ce Wendell ne, na yi shiru har kabari.

Ki huta lafiya.
O. Stutzman

*

Terre Haute
28 ga Maris

Tsohon banza,

Yaya sanyi, yaya gwiwa? Ni tawa guda ɗaya ce, don haka rabin ciwonka nake ji. Matata Darlene tana gaishe ka, ta ce tun Kirsimeti kwanonta yake wurinka, ka dawo da shi ko ta kai ka kotu.

'Yar Wendell ta bugo mini waya. Murya kamar ta uwarta, ladabi kamar mai karɓar haraji. Wai wa ya ƙera Buta? Dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Na ce, "'Yata, babanki ko tayar da injin yankan ciyawa bai iya ba. Stutzman ne, shi kaɗai, da taurin kansa da warin kananzir." Na gaya mata yadda ka auna ni da igiya kamar tela, ka gina kujerar daidai ɗuwawuna. Na gaya mata ba a taɓa ƙera mini mota mai daɗin hannu irinta ba. Aibinta ɗaya, in ka taka totur sai ka ƙirga ɗaya, biyu, kafin ta tuna an yi mata magana. Na yi maka mitar wannan har ka gaji da ni.

Sai ta ce in ba ta labarin ranar. Ka san ba na so, amma na ba ta. Na ce bayan cin abincin rana na koma ciki, motar ta zama wata dabba. Ina taɓa totur take zabura. Na ce a raina, yau Buta ta sha magani. Zagaye shida ina ihu ni kaɗai a cikin hular kwano. A na bakwai na iso kwana ta uku, na ɗaga ƙafa daidai jan ƙyauren nan inda nake ɗagawa kullum, na taka birki, sai ƙafata ta nutse kamar na taka tuwo. Sauran kuwa kai ka gani, ni ban gani ba.

Na ce mata, "Ki yi haƙuri, uba uba ne, amma birkin rahusa ya ci ƙafata." Ta yi godiya, ta ajiye waya. Wataƙila na yi mata tsauri. To me zan ce? Sau uku Wendell yana zuwa asibiti, sau uku ina sa a kore shi. Na ukun da fure ya zo, na ce wa nas ta ba shi ya kai wa birkinsa. Shekara ashirin yana aiko kati, Darlene tana kunna murhu da su. Ban je jana'izarsa ba, ban kuma yi nadama ba.

Kai kuwa wa ya sa mini totur da birkin da ake sarrafawa da hannu a motata, ya hana ni ko godiya? Wa yake tuƙo mil ɗari da wani abu duk Kirsimeti ya zo ya cinye mana naman alade? In ba su sa sunanka ba, da sandata zan je in fasa allon, ka ji na rantse.

Naka har kullum,
Lyle mai ƙafa ɗaya

*

Wabash
4 ga Afrilu, 1989

Kawu Orval,

Ina gaisuwa. Na yi yadda ka ce, na kira Mista Purdy. Ya tabbatar kai ka ƙera motar, ban kuma ƙara shakka ba.

Amma wata magana tasa ta tsaya mini. Ya ce bayan cin abincin rana motar ta canza. Na koma akwatin Baba. A can ƙasa, a cikin tsohuwar rigar aiki, akwai ɗan littafi mai baƙin bango, duk shafukansa da tabon yatsa. Littafinka ne, inda kake rubuta duk abin da ka taɓa a motar. Ga shafin ƙarshe, da rubutun da ya yi daidai da na wasiƙunka:

"11 Afrilu, ƙarfe ɗaya. Na ɗaga sulo daga 55 zuwa 72. Ban gaya wa L. ba."

Ban gane ba, sai na kai wa wani tsohon makaniken jirage a nan garin, ban faɗa masa na wane ne ba. Ya ce sulo shi ne gudun da inji yake yi in direba ya ɗauke ƙafa. Ya ce a turbin, in an ɗaga shi haka, mota ba ta daina turawa ko an saki totur, birki ne kaɗai zai yi ta kokawa da inji a kowace kwana har ya dahu. Ya ce ko manyan birki ne, sai dai su ƙara 'yan zagaye.

Baba ya san da littafin nan. A cikin motar ya tsince shi, ya rubuta kwanan wata a bangon littafin da hannunsa. Bai kai wa masu bincike ba. Bai nuna wa Mista Purdy ba, ko a ranar da aka kore shi da furensa. Ni na ga yadda ya dawo gida ranar, ya zauna a mota a ƙofar gida har abinci ya huce.

Ban gaya wa Mista Purdy komai ba. Ga abin da na yanke. In ka so, allo ya tsaya yadda yake, littafin in jefa shi a murhu, maganar ta mutu tsakanina da kai, ka ci gaba da zuwa Kirsimetinka. In kuwa sunanka kake so, zan sa a sake zuba allo, amma littafin zai zauna a cikin gilashi kusa da motar, a buɗe a wannan shafin. Ba zan raba ba. Baba bai ɗauki rabi ba.

Masu zuba tagulla suna son amsa kafin ƙarshen wata.

Loretta

*

Logansport
12 ga Afrilu, 1989

Lyle,

Gaisuwa gare ka da Darlene. Ka zauna kafin ka karanta, kada kuma ka ba ta ta karanta maka.

Ka san ƙa'idarmu. Makanike ba ya gaya wa direba abin da ya canza. Kai da kanka ka sha yi mini dariya a kan wannan. Ka tuna a tseren turɓaya, ranar da na shiga ƙarƙashin motarka na buga guduma a ƙasa sau uku ban taɓa komai ba, na fito na ce na gyara, ka dawo kana cewa, "Yanzu ta zama mota!" Tun daga ranar na ce direba da kunne yake tuƙi. In ka gaya masa, abin da ka faɗa zai ji, ba abin da mota take yi ba. Sai ka yi shiru, ka tura shi, agogo ya faɗi gaskiya. Haka na tarar ana yi, haka kowa yake yi, shekara ashirin ina yi ba wanda ya ko ƙuje.

Ranar 11 ga Afrilu, kuna can kuna cin burodi da nama a inuwar babbar mota, na ɗaga sulon Buta daga hamsin da biyar zuwa saba'in da biyu. Jinkirin nan da kake mita a kansa nake so in kashe. Na kuwa kashe shi, kai shaida ne. Zagaye shidan nan, kowanne ya fi na safe sauri da fiye da daƙiƙa guda. Ina riƙe da agogo, ina cewa a raina, Orval, ka gama da su, tseren Mayu naka ne. Kana wucewa na ga hayaƙi siriri a tayar gaba a zagaye na shida. Allon da ake ɗaga wa direba ya shigo yana jingine a ƙafata. Na ce bari ya ƙara ɗaya.

A injin fistin, in ka ɗaga ƙafa, injin da kansa yake riƙe mota. Da wannan na girma, da shi hannuna ya saba. Turbin ba ta riƙe komai, na sani, na karanta, ni na fi kowa sani a jihar nan. Amma na yi mata ƙa'idar fistin. Da na ce maka kalma biyar, "Lyle, za ta riƙa turawa," da ka ɗaga ƙafa tun kafin jan ƙyauren, da ka ji birkin yana laushi ka shigo. Ban faɗa ba.

Birkin Wendell ƙanana ne, wannan gaskiya ne. Da su ka yi zagaye tamanin da safe lafiya lau. Ni na dafa su.

Washegari na goge sunana daga farantin. A wurin bincike na ce ni ɗan ɗaure noti ne. Ba lauya ne ya sa ni ba, na gaya wa Loretta haka amma ƙarya ce. Wendell ya tsinci littafina, ya sani, ya yi shiru. Sau ɗaya muka haɗu bayan nan, a wurin shan mai. Ya ce, "Orval, littafinka yana wurina." Na ce, "Sai ka yi yadda ka ga dama." Ya ce, "Na riga na yi." Har yau ban sani ba ko tausayina ya ji, ko kuwa daɗi ya ji a ce shi ya ƙera mota, ko da wadda ta cinye ƙafar mutum ce. Na tsane shi a kan duka biyun. Shi ya sa ban je jana'izarsa ba.

Za ka ce zuwan da nake yi gidanka biyan laifi ne. Ban sani ba. Na san dai ba inda nake dariya sai a teburinka.

Loretta ta ba ni zaɓi: in yi shiru ta ƙona littafin, ko a sa sunana a buɗe shi kowa ya gani. Kwana bakwai ina juya abin. Zan so in ce maka gaskiya ce ta ci ƙarfina, amma ka san ni. Na kasa barin motar ne. Ko da me za a rubuta a ƙasa, na kasa mutuwa a bar ta da sunan mai kujeru. Sai na ga bai kamata ka karanta wannan a cikin gilashi, 'yan makaranta suna ture ka ba.

Ban ce ka yafe ba.

Orval

*

Terre Haute
20 ga Afrilu

Mista Stutzman,

Na samu.

Ranar Talata na sa Darlene ta kai ni Wabash. Maƙabartar tana kan tudu, ciyawa ta jiƙe, sandata tana nutsewa. Minti arba'in na yi kafin in kai kabarin Wendell. Da na isa na tsaya a kansa. Mutum ya zo da fure na kore shi kamar kare.

Ƙafar ba ta dame ni ba kamar yadda kake zato. Direba ne ni, na san abin da na shiga, wataƙila ko ka faɗa mini da na ce ƙara mata. Amma shekara ashirin da ɗaya kana zaune a teburina ina zagin mutumin nan, kana miƙo mini gishiri.

Ka ce motar ce ta sa ka faɗa, ba ni ba. Wannan kaɗai na yarda da shi a duk takardar.

Na gaya wa 'yarsa ta sa sunanka. Naka ne. Kada ka rubuto, kada ka zo.

L. Purdy

*

Logansport
24 ga Afrilu, 1989

Loretta,

Ina gaishe ki. Lyle ya sani, daga hannuna. Kada ki ƙona komai.

Ki buɗe littafin a shafin da kika ce. Ki sa fitila a kansa in gilashin yana da duhu, rubutuna ƙanana ne. Sunan babanki ya zauna a matsayin mai mota, a ƙara cewa ba shi da laifi a haɗarin, kalmomin ke kika fi ni iya su. Sunan Lyle ma a sa, shi ya tuƙa ta.

Ba zan zo buɗewar ba. Ba wanda zan zauna kusa da shi.

Amma a saman allon, da manyan baƙaƙe, ba a gefe ba, ba a ƙasa ba, ba "tare da taimakon" kowa ba, a rubuta: Orval Stutzman na Logansport ne ya zana wannan mota, ya ƙera ta shi kaɗai. Ni na yi ta, ni na ɓata ta. Na biya abin da aka ce in biya. A rubuta sunana.

Ki huta lafiya.
Orval Stutzman